Gwiwar Hannun Baba Kyaftin

"Ba zan canza ba, Yallaɓai," na ce.

Shugaban matuƙa bai ɗago kai ba. Ya ƙara turo mini takardar da ɗan yatsa ɗaya, ga biro a kanta. Kwafin rahotona ne, wanda na rubuta wata bakwai da suka wuce. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimla guda: Na yi masa magana sau biyu, bai ji ni ba.

"Ban ce ki yi ƙarya ba," ya ce. "Ki rubuta cewa ba ki ɗaga murya ba. Ruwa ake yi, injuna na ƙara, ke kuma muryarki ba kauri gare ta ba. Wa zai musa?"

"Ni zan musa."

Sai a lokacin ya dube ni. Ya jawo aljihun teburinsa ya fito da wata takarda, ya riƙe ta yadda zan iya karantawa ba tare da na taɓa ba. Ita ce ta kawo ni. Babban kamfanin jiragen sama ya kira ni intabiyu, saura kwana goma sha tara, kuma cikin takardun da suka nema har da wasiƙar shaida daga shugaban matuƙa na inda na yi aiki a baya. Ga ta nan an buga ta tsaf, an yabe ni har na kusa jin kunya. Sa hannu kawai ta rasa.

"Ƙarshen wata mai zuwa kwamitin likitoci zai sake zama a kan maganar Baba Kyaftin," ya ce. "In mataimakiyarsa ta ce laifin muryarta ne, za su bar shi ya ƙarasa wata goma sha huɗun da suka rage masa, ya yi ritaya da mutuncinsa. Ke kuma ki ɗauki wasiƙarki. Kowa ya tafi da fuskarsa."

"Yallaɓai, murya ta fita ranar nan."

"Kin san sunan da abokan aikinki suka sa miki?"

"Alƙaliya. Na ji."

"Bai dame ki ba?"

"Da Maƙaryaciya suka ce, da ya dame ni."

Ya mayar da wasiƙar aljihun tebur ya tura shi da gwiwa. "Biron yana nan duk ranar da kika huce," ya ce. Na yi masa sallama yadda ya kamata, na ja masa ƙofa a hankali, don kada gobe a ce na buga ta.

Baba Kyaftin shi ya koya mini sauka. Makaranta ta ba ni lasisi, amma shi ya koya mini yadda ake ajiye jirgi a ƙasa ba tare da jaririn da ke barci a kujerar baya ya farka ba. Ɗan ƙaramin kamfani ne namu, jirage huɗu masu farfela biyu, kowanne na ɗaukar mutum arba'in. Duk mataimakan matuƙa Baba muke ce masa. Aljihunsa ba ya rabuwa da alewa. In ka yi kuskure ba ya tsawa, sai ya miƙo maka alewa ya ce, "Tsotsa, sannan ka gaya mini me ka gani." Ni 'yata yake ce mini. Mahaifina ya rasu ina aji uku, don haka ban taɓa hana shi ba.

Kunnensa na dama ne ya mutu. Kyaftin a kujerar hagu yake zama, mataimaki a dama, wato daidai wajen mataccen kunnen. Na hagun yana ji, amma ba ya ɗaukar murya biyu lokaci guda, kuma ya riga ya ba hasumiyar filin jirgi shi, wadda ke ba matuƙa umarni ta rediyo. Yadda yake wuce gwajin likita ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne, a satina na farko wani abokin karatuna da muke ce wa Dogo ya ja ni gefe ya ce, "In za ki yi wa Baba magana a sama, ki taɓa gwiwar hannunsa sau biyu. Zai juyo ya kalli bakinki. Haka kowa ke yi." Ba a rubuce take ba, ba a kuma faɗinta a ofis. Rufin asiri ne na 'yan gida ɗaya.

Ranar da abin ya faru Baba ne riƙe da jirgi. Muka fito daga cikin gajimare ƙasa ƙasa, ruwa na dukan gilashi, sai na ga titin sauka ya koma hagunmu, iska ta tura mu dama, gudunmu kuma ya yi yawa. Na ce, "Baba, a fasa sauka." Hasumiya na karanta masa ƙarfin iska a kunnen hagu, bai motsa ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Sai na taɓa gwiwar hannunsa sau biyu, shi kuma ya yi abin da muka saba masa: ya ɗauke ido daga titi, ya juyo gaba ɗaya yana kallon leɓena. Tsakaninmu da ƙasa bai kai ƙafa ɗari biyu ba. Na ce, "Jirgi a hannuna," na ba injuna wuta, muka koma sama. Muka zagayo muka sauka bayan minti goma sha biyu. Ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya fashe. Wata mata mai goyo ma har ta yi mita a bakin ƙofa wai mun ɓata mata lokaci.

Da fasinjoji suka gama fita Baba ya ce, "Kin yi daidai, 'yata." Ya ɗan jima yana goge gilashin idonsa. "Duk saukar da aka fasa dole a rubuta ta, na sani. Rubuta iska."

Na rubuta iska. Na kuma rubuta kunne. Cikin sati biyu aka dakatar da shi. Ni ba a kore ni ba, a'a, sun fi haka wayo. Da kwantiragina ya ƙare aka ce za a neme ni. Wata huɗu ke nan ana nemana.

Ɗakin da nake haya yana bayan katangar filin jirgi, a hawa na biyu. Da na kama shi, kusa da aiki na duba. Yanzu duk jirgin da zai tashi sai ya bi ta kaina, kofin shayina ya yi rawa a kan tebur. Ina gane namu da ƙararsu. Na ƙarfe bakwai saura kwata in ya wuce, na san wanda ke kujerata.

Intabiyun kashi biyu ne, gwajin tuƙi da kuma tambayoyi. Jirgin babban kamfani ban taɓa zama cikinsa ba, don haka na samo hoton ɗakin tuƙinsa na kai shagon buga takardu aka fitar mini a manyan shafuka huɗu. Mai shagon ya juya su sama da ƙasa ya ce, "Malama, wannan cikin janareta ne?" Na manna su a bango daidai tsayin ido. Na ajiye kujerun roba biyu a gabansu, hagu da dama. Marfin tukunya ya zama sitiyari. Fanka nake kunnawa har ƙarshe ta zama ƙarar inji. Kullum da safe in yi wanka, in sa farar riga, in ɗaure takalmi, in zauna a kujerar dama, in tashi jirgi daga bango.

Abin da ya gagara shi ne katin dubawa. Kafin kowane mataki akwai jerin abubuwan da ake karantawa, kuma an yi shi ne don baki biyu: ɗaya ya kira, ɗayan ya duba da idonsa ya amsa. In mutum ɗaya ya kira ya amsa wa kansa, baki ne kawai ke aiki, ido ba ya zuwa ko'ina. Na kira Dogo a waya.

"Alƙaliya, an kwana biyu," ya ce. "An ce manya sun kira ki. Allah ya sa a dace."

"Amin. Awa biyu nake nema wurinka, ka karanta mini kati."

Na ji kukan jaririnsu ta cikin wayar. "Kin san unguwarku duk hanyar 'yan aikinmu ce. In aka ga motata a ƙofarki, gobe ni ma za a fara nemana."

"Kai ma ka san abin da na rubuta gaskiya ne."

"Na sani mana. Shi ya sa ban rubuta ba."

Ban sake kiran kowa ba. Na koma ina yin muryoyin biyu da kaina. In kauri murya in ce, "Tayoyi?" sai in miƙa hannu in taɓa takarda a bango in amsa da tawa, "Sun sauka, fitila uku kore." Rana ta huɗu maƙwabciyata mai ɗinki ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Ke, wane ne wannan mijin da kika ɓoye a ɗaki? Ba ya tambayar abinci, ba ya tambayar lafiya, kullum sai taya."

"Irinsa nake so," na ce.

Muka yi dariya. Ita ce dariyata ta satin gaba ɗaya.

Da rana kuma karatu: iska, nauyi, dokokin sama, yadda ake yi in inji ɗaya ya mutu. Na goge riga sau uku alhali ba ta yamutse ba. Na jera takarduna cikin fayil, kowace a aljihunta na leda. Aljihu na shida ba komai a ciki. Sau da yawa ina buɗe fayil ɗin don in duba wani abu daban, sai in tsinci yatsana a can.

Saura kwana huɗu sai ga Umma da jakarta, ba ko waya. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, har yanzu in ta shiga ɗaki sai ta fara shafa saman taga ta duba yatsa.

"Yayanki ne ya turo ni in lanƙwasa ki," ta ce tana cire takalmi.

"Kin zo da guduma?"

"Ni na haife ki, Auta. Na san ba ta yi miki komai." Ta tsaya gaban bangon ta daɗe tana kallo. "A nan kike wuni?"

"A nan nake aiki."

 Ta zauna a kujerar hagu, ta gyara mayafi, ta ɗauki katin ta miƙar da hannu nesa don ta manta gilashinta a gida. Turancinta na asibiti ne, tana kiran kowane layi kamar sunan mara lafiyar da ya ƙi shan magani.

"Ƙofofi?"

"A rufe."

"Birki?"

"An gwada."

"Wa ya gwada? Ban ga kin taka komai ba."

"Umma, ba a tsawaita magana a kati."

"To ki taka in gani."

Na taka ƙasa. Ta ce madalla. Kwana biyu muka yi haka, kuma gaskiya ta fi Dogo tsanani. A rana ta biyu muna cikin sauka, fanka na ta ihu, na ce mata ta karanta kashi na ƙarshe. Hankalinta ya tafi wajen neman layin, ba ta ji ni ba. Kafin in yi tunani hannuna na hagu ya tafi da kansa, ya taɓa gwiwar hannunta sau biyu.

Ta juyo. "Mene ne haka?"

Na kashe fanka na gaya mata. Labarin rahoto ta sani, amma wannan ban taɓa gaya wa kowa a gida ba.

"Wata nawa kika yi kina yi masa haka?"

"Goma sha ɗaya."

"Ashe da hannunki a ciki."

"Da shi. Na rubuta hakan ma, layi na huɗu. Ban kira sunan kowa ba sai nawa."

Ta ajiye katin a cinya. "A asibiti akwai wata babbarmu da hannunta ya fara rawa. Shekara biyu muna riga ta ɗaukar allura, muna cewa Anti ki huta. Har ta yi ritaya ba abin da ya faru." Ta dube ni. "Har yau ban san ko mun kyauta ba, ko Allah ne kawai ya rufa mana asiri. Ba zan ce ki canza ba, ba zan ce kada ki canza ba. Amma mutumin da ya ce miki 'yata, ki je ki gaishe shi. Wata bakwai, Auta. Wannan kam ba tarbiyyata ba ce."

Washegari ta koma, don jikokinta na jiranta. Ni kuma da la'asar na tafi gidan Baba.

Matarsa ce ta buɗe. Ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini baranda da haɓa. Yana zaune a kan dogon benci da wata tsohuwar rediyo a buɗe a gabansa, ƙananan kusoshinta jere a kan faranti. Ya rame. Ban taɓa ganinsa da furfura a haɓa ba, ashe kullum aske ta yake yi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kalli bakina ya amsa, sannan ya matsa ya buga benci da tafin hannu. A damansa ya ba ni wuri.

Na zauna. Na faɗi duk abin da na shirya a hanya: cewa ban yi don in tozarta shi ba, cewa kullum in na tuna sauka shi nake tunawa, cewa ko yau aka sake zan sake rubutawa, kuma hakan bai rage komai daga girman da nake ba shi ba. Idonsa na kan rediyo. Na san ba kalma ɗaya da ta shiga. Shi ma ya san na sani. Hannuna ya ɗaga daga cinyata, shi kuma ba tare da ya dube ni ba ya janye gwiwar hannunsa ya manne ta da haƙarƙarinsa.

Muka zauna haka. Wani jirgi ya wuce can sama, ya bi shi da ido har ya shige bayan rufin maƙwabta.

"An ce jibi ne," ya ce wa rediyon. "A gwaji za su kashe miki inji ɗaya kina tashi. Ke kina da gaggawa. Kada ki taɓa komai sai kin miƙar da hancin jirgi. Ki ja numfashi, sannan ki duba wanne ne ya mutu." Ya ɗauki ƙusa ya kasa samun raminta. "Shekara talatin da shida. Wata goma sha huɗu kawai na roƙa."

Na tashi na zagayo ta hagunsa don in amsa. Ya kunna rediyon, ta kama shuuu, ya ɗaga ta ya kara a kunnen. Na yi masa sallama. Ba alewa.

Ranar intabiyu na isa awa ɗaya da rabi kafin lokaci. Mu goma sha biyu ne a ɗakin jira, duk farar riga, duk fayil a cinya, kowa na satar kallon kaurin na wani. Mace ni kaɗai, amma wannan na saba. Aka haɗa mu bibbiyu. Abokin gwajina wani magidanci ne da ya daɗe yana tuƙa jiragen kaya, mai sanyin magana. Ya ce, "Ƙanwata, in na ruɗe ki daka mini tsawa, kada ki ji nauyina." Na ce wannan kam an zo wurin mai shi.

Wurin gwajin wani ƙaton akwati ne a kan ƙafafun ƙarfe, cikinsa sak ɗakin tuƙi, yana girgiza yana karkata kamar gaske. Na zauna na ga duk abin da ke bangona ya zama ƙarfe da fitila. Hannuna ya san inda komai yake. Na kira layin farko na kati, sai wata murya da ba tawa ba, ta wanda ya duba da idonsa kafin ya buɗe baki, ta amsa daga gefena.  Sai da na yi gyaran murya kafin in kira na biyu.

Muna barin ƙasa suka kashe injin dama. Jirgi ya fizga gefe. Hannuna ya so ya ruga, na hana shi. Na miƙar da hanci, na ja numfashi, sannan na duba. Da muka sauka mai jarrabawa ya yi rubutunsa, abokin gwajina kuma ya ce, "Wa ya koya miki wannan haƙurin?" Na ce wani malamina.

Masu tambayoyi uku ne, ta tsakiya kyaftin ce mai gilashi, ta girme ni da kamar shekara ashirin. Suka yi mini tambayoyin iska da na doka, na amsa. Sannan ta buɗe fayil ɗina tana bin aljihunan ɗaya bayan ɗaya har ta zo na shida.

"Ina wasiƙar shugabanki?"

Na gaya musu komai, ban ƙara ba, ban rage ba. Na dama ya ce, "Kin san da kunnen tun satin farko. Me ya sa sai bayan wata goma sha ɗaya?"

"Ina ƙaunarsa, kuma ina tsoron a ware ni. Ba dalili ne mai kyau ba, Yallaɓai, amma shi ne dalilin."

Suka dubi juna. Kyaftin ɗin ta rufe fayil. "Gwajinki ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ma ɗaukar matuƙi sai takardunsa sun cika, kuma ba ni da ikon ɗage wannan. Za mu riƙe miki gurbi kwana talatin. In wasiƙar ta zo, ki fara horo."

"In ba ta zo ba fa, ranki ya daɗe?"

"Sai wanda ke bayanki a jeri."

Ban roƙa ba. Ni da na sauke Baba daga kujerarsa saboda ƙa'ida, ba ni da bakin cewa a karya mini ita.

Kwana talatin ɗin nan sun fi wata huɗun baya tsawo. Da can ba ni da abin yi. Yanzu ina da abu guda da zan iya yi, tafiyar minti ashirin daga ƙofata. Yaya ya kira sau uku, a na ƙarshe ya ce, "Jimla ɗaya fa, Auta. Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya?" Na ce a'a, amma ni kaɗai ce a kujerar dama ranar. Ya kashe waya. A kwana na ashirin saƙo ya shigo daga shugaban matuƙa: Ofis a buɗe yake.

A kwana na ashirin da takwas na sa farar riga na fita. Ba zan ce yawo na je ba. Na je ne in sa hannu. Na isa tashar mota da ke kallon ofishin, na zauna a kan bencin ƙarfe in huta kafin in tsallaka titi. Ina zaune motar ma'aikata ta tsaya, matuƙan safe suka firfito. Ga Dogo, ga wasu biyu, sai wata yarinya sabuwa da ban sani ba, wadda aka ɗauka a madadina, rigarta har da sauran karin shago. Dogo na tafiya kusa da ita yana yi mata bayani, tana gyaɗa kai da sauri irin na sabon shiga. Ban ji me yake cewa ba. Amma na san in na tsallaka titin nan Baba zai koma kujerar hagu, kuma akwai safiyar da Dogo zai ja yarinyar nan gefe ya nuna mata inda ake taɓawa. Na jira motar da ta kawo ni ta zagayo, na shiga na koma gida.

A kwana na talatin da ɗaya wasiƙa ta zo daga babban kamfani, layi uku, suna godiya, suna yi mini fatan alheri. Abokin gwajina ya turo saƙo cewa an kira shi, yana tambayar yaushe zan fara. Na taya shi murna, ban amsa tambayar ba. Kwamitin likitoci ya zauna, ba a mayar da Baba ba. Na kira shi a ranar, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Maƙwabciyata ta ce kwana biyu ba ta jin mijina, ko mun yi faɗa ne. Na ce yana nan, murya ce ta dishe. Hoton yana bango, gefe ɗaya ya fara ɓallewa. Ina zama gabansa da safe, don nan da wata biyu izinin tuƙina zai ƙare in ban tashi jirgin gaske ba, kuma ba na so hannuna ya riga takarda mutuwa.

Ba wanda ya zo ya ce mini na kyauta, ban kuma sa ran hakan ba. Jimlar tana nan yadda na rubuta ta. Ta ci mini aikin da na yi shekara tara ina nema, ta ci mini mutanen da na yi karatu da su, Yaya ya daina kirana, mutumin da ya koya mini sauka kuma ba zai ƙara ce mini 'yata ba.